Zomo, Buɗe Baki

A gidan Hedimasta ba a amsa kira da "na'am" tsura. Sai an haɗa da "ranka ya daɗe". Haka 'ya'yansa suka tashi, haka kuma babbansu, wanda yanzu kowa ke kira Injiniya, ya ɗora tasa 'yar a kai. Ko wasan kaka da jika ba a yi a gidan. Hedimasta ya soke shi tun kafin a haifi jikar.

Da ciwon mantuwa ya kama tsohon, Injiniya ya ɗauko shi daga gidansa na bayan makaranta ya dawo da shi wurinsa. Aka gyara masa ɗakin da ke jikin falo, mai taga ɗaya da ke kallon titi, daidai rumfar mai facin taya. Gado, kujerar roba, ɗan tebur, sai agogon bangon da malamai suka ba shi ranar da ya yi ritaya. Ya fara da mance hanyar banɗaki. Sannan ya mance surukarsa. Sannan ɗansa.

Na ƙarshen bai zo da hayaniya ba. Wata safiya Injiniya ya gama shirin ofis, ya rusuna a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Tsohon ya miƙe zumbur har gwiwarsa ta bugi tebur. Ya gyara hula, ya kai hannuwa baya.

"Lafiya lau, Yallaɓai. Ba a gaya mana za ka zo ba."

"Baba, ni ne fa."

"To, Yallaɓai."

Daga ranar, duk wanda ya ce "ranka ya daɗe" a ɗakin, tsohon sai ya miƙe ya dubi ƙofa don ya ga wane babban mutum ne ya shigo. In bai ga kowa ba, sai idonsa ya tsaya kan Injiniya. Kuma ba ya cin abinci a gaban babban mutum. Ko an kai cokali bakinsa sai ya kau da kai cikin ladabi ya ce, "Sai Yallaɓai ya tafi." In Yallaɓai ya tafi, sai ya ce ai yana iya dawowa. An gwada "Baba" kaɗai, an gwada "Malam", an gwada "Hedimasta". Duk ɗaya. Kowanne ya ji, sai ya ɗauka wani ake nufi.

Mutum ɗaya ce ke iya ciyar da shi, wato Gwaggo, yayarsa. Kullum da hantsi mai tasi ke sauke ta a ƙofar gida. Ta shigo tana dogara sanda, ta karɓi kwano a hannun matar Injiniya, ta dubi masu tsaye.

"Ku ba ni wuri, ku da 'ranka ya daɗe' ɗinku. Kun bi kun firgita min ƙane."

Ta tura ƙofa da sandar. In an jima ta fito da kwano wayam. Injiniya ya san abin da take faɗa a ciki. Shi ya sa da ta rufe ƙofar yake ƙara sautin talabijin.

Injiniya yana ɗan shekara bakwai ya fara jin sunan da take kiran ubansa da shi. Gwaggo ta zo ta tarar da ƙanenta yana aske gemu a tsakar gida, kai ba hula, kunnuwa a baje. Ta ce, "Zomo, har yanzu kunnuwan nan ba su kwanta ba?" Yaron ya yi dariya ya maimaita. Hedimasta bai ɗaga murya ba. Ya gama aski, ya wanke fuska, ya sa hula, ya ɗauko doguwar rular allo. Har yau ƙaramin yatsan Injiniya na hagu ba ya miƙewa. Bai taɓa ɗaukar abin zalunci ba. In ana hirar lalacewar yaran zamani a ofis, shi ke ɗaga yatsan ya ce, "Kun ga wannan? Shi ya mai da ni mutum."

Sai Gwaggo ta zame a banɗakinta, ƙugu ya karye. 'Yarta ta zo ta tafi da ita can garin da take aure, tafiyar yini guda.

Tsohon ya daina ci. Ya kurɓi shayi ya ajiye. Ya riƙe burodi a hannu har ya bushe. Wandonsa ya soma zamewa, aka ƙara wa bel ɗinsa huji. Aka kira Gwaggo a waya aka kara masa a kunne. Ya ji muryar, ya janye kai, ya juya wayar yana leƙa bayanta, sannan ya miƙa wa Injiniya da hannu biyu.

"Ta Yallaɓai ce."

Injiniya ya fita tsakar gida da wayar.

"Kai ɗan nan," in ji Gwaggo, muryarta ƙasa-ƙasa saboda ciwo, "sunan fa ba ya cizo. Uwarmu ce ta sa masa. Da shi take kiransa cin abinci. Duk sauran sunayen daga baya ya same su, kuma sun zube."

"Gwaggo, bakina ba zai iya ba."

"To nasa bakin ma ba zai iya ba. Sai ku zauna ku yi ta kallon juna."

Ya kira ƙanensa da ke aiki a wata ƙasa. Ƙanen ya ce, "Yaya, suna ne fa kawai." Injiniya ya ce, "To hawo jirgi ka zo ka faɗa." Sai ƙanen ya tambaya ko akwai maganin da ake bukata.

Matarsa kuwa ko tayi ba ta bari ya yi mata ba. "Ni suruka ce. Sunansa na yanka ma ban taɓa furtawa ba, balle wannan."

Ranar Alhamis suka kai shi asibiti. Likitar ta ɗora shi a ma'auni, ta ja fatar bayan hannunsa ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta sa aka yi masa ƙarin ruwa, ta kira Injiniya gefe.

"In zuwa Litinin bai soma ci ba, za mu kwantar da shi mu sa masa roba ta hanci. Gara in gaya maka tun yanzu, masu irin ciwonsa fisge ta suke yi. Sai an ɗaure hannuwa a jikin gado."

"Ɗaurewa?"

"Ɗaurewa. Babu wanda yake yarda da shi a gida?"

"Akwai. Ta karye."

"Me take yi masa da ku ba kwa yi?"

Injiniya ya dubi takalminsa. "Wasa suke yi, irin na 'yan uwa."

"To ku yi wasan," in ji likita, ta kira mai bi.

Washegari a wurin aiki, a hukumar ruwa, ya bar ofishinsa ya sauka ɗakin injuna. Manyan famfunan tura ruwa suna ruri, ƙasa na rawa, warin gas da baƙin mai ya cika wurin. A nan ko ihu mutum ya yi ba ya jin kansa. Ya tsaya bayan famfo na ƙarshe, ya dafa bututu mai sanyi, ya buɗe baki ya faɗi sunan. Bai ji fitarsa ba, leɓe kawai ya ji ya motsa. Duk da haka sai da ya waiwaya. Wani ma'aikaci da ke share mai a can nesa ya ga ya juyo, ya ajiye tsumma ya rusuna. Injiniya ya ɗaga masa hannu ya haye sama. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ranar Asabar da la'asar baƙi suka zo, mutum biyu daga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Hedimasta. Ɗaya alƙali ne mai ritaya, ɗayan mai gidan mai ne, ƙato mai yawan dariya. Suka leƙa suka gai da tsohon, ya miƙe musu ya ƙame har suka fito. Aka zauna a falo, aka kawo lemo.

"Wallahi har yau," in ji Mai Gidan Mai, "in na ji ƙarar takalmi mai ƙusa a baranda sai na taɓa aljihu in ji ko na zo da hankici. Jikoki gare ni fa!"

"Ni kuwa ya taɓa tsai da ni a rana don na ce wa masinja 'kai'," in ji Alƙali. "Ya ce masinjan ya haife ni. Ban ƙara ba. Yanzu ka shiga gida ka ji yaro yana kiran ubansa kamar abokin ƙwallonsa."

"Mu dai a gidan nan ba mu saki ba," in ji Injiniya.

Ƙofar ɗakin tsohon ba ta rufu sosai ba. Daga ciki aka ji muryar yarinya, tar, ba ko ɓoyo.

"Zomo, buɗe baki. Aaa. Yauwa! Kai, Zomo, ka zubar a riga. Kai ba ka iya ci a hankali ba ne?"

'Yar Injiniya ce, 'yar shekara takwas, wadda Gwaggo ta sa wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Duk zuwan Gwaggo tana maƙale da ita, ita kaɗai ake bari a ciki in an rufe ƙofa.

Alƙali ya ajiye kofinsa a hankali. Mai Gidan Mai ya zaro hankici ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Ya yi tari don ya rufe, tarin bai rufe komai ba.

Injiniya ya tashi ya tura ƙofar.

Tsohon na zaune a bakin gado, kai ba hula, kunnuwan a baje. Rediyo na tsaye tsakanin gwiwoyinsa da kwanon shinkafa. Kwanon ya yi rabi. Injiniya ya ga haka sarai. Ya ga bakin ubansa a buɗe yana jiran cokali. Ya kuma san ƙofa a buɗe take a bayansa, da ido huɗu a kan ƙeyarsa.

Ya ɗauke ta da mari. Cokalin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado.

"In na ƙara jin sunan nan a bakinki sai na fasa bakin."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dafe kunci, ta ajiye kwanon a tebur da ɗaya hannun, ta fita ta gefensa. Tsohon ya riga ya miƙe. Ya lalubo hula ya sa a karkace, ya kai hannuwa baya, ya juya fuska ga bango. Lomar ƙarshe na cikin kumatunsa, bai haɗiye ba.

Baƙin ba su ƙara lemo ba. A bakin mota Alƙali ya riƙe hannun Injiniya ya girgiza.

"Ɗan Hedimasta ke nan," ya ce. "Jini ba ya ɓuya a gidan nan."

Injiniya ya yi godiya. Ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya ci gaba da tsayuwa.

Matarsa na kicin tana wanke kofuna. Ba ta juyo ba.

"Tun jiya take ba shi," ta ce. "Jiya ya ci ayaba da rabin ƙwai. Ni na zuba mata na ce ta gwada. In mari ne, ga kuncina, ni ya kamata."

"Me ya hana ki gaya min?"

"In gaya maka me? Da wane baki? Kai da ke ƙure talabijin don kada ka ji?"

"A gaban mutane fa ta yi."

"To mutanen sun tafi. Je ka ba shi abinci da mutuncin da suka bar maka."

Da ya koma ɗakin, tsohon na nan yadda ya bar shi, fuska a bango. Sai da matar ta zo ta zaunar da shi, ta sa yatsa ta ciro shinkafar daga bakinsa don kada ta shaƙe shi. Ranar ko shayin bai sha ba.

Lahadi da safe gidan ya yi tsit. Ba waƙar talla, ba labarin 'yan ajinsu, ba tambayar me ya sa kaza ba ta fitsari. Injiniya ya kira 'yarsa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofar falo, hannuwa a baya. Shatin yatsu na nan a kuncinta.

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ki je ki ba Kaka abinci."

"To, ranka ya daɗe."

Ta karɓo kwano daga kicin. Ya bi ta, ya laɓe a bayan ƙyaure inda tsohon ba zai gan shi ba. Ta rusuna a gaban gado.

"Kaka, ranka ya daɗe, ga abinci."

Gado ya yi ƙara. Tsohon ya miƙe.

Injiniya ya yafuto ta, ta fito. Ya rage murya.

"Ki yi yadda kike yi jiya."

"Yaya, ranka ya daɗe?"

"Kin sani."

"Ka ce za ka fasa min baki."

"Ba zan dake ki ba. Na ce ba zan dake ki ba."

"To, ranka ya daɗe."

Ta koma. Ta tsaya da cokali a hannu. Ta ƙyallaro ido ta tsagar ƙofa, ba fuskarsa ta duba ba, hannunsa ta duba. Ta buɗe baki. Maƙogwaronta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Ba taurin kai ba ne. Injiniya ya san wannan motsin maƙogwaron, shekara arba'in ke nan yana yin irinsa.

"Bar shi," ya ce. "Je ki."

Ta ajiye kwanon ta tafi, tana taka ƙasa a hankali kamar mai wuce ɗakin mara lafiya. Da rana ya sayo mata biskit mai cakulan a shagon bakin titi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye a kan firij. Da yamma yana nan ba a buɗe ba.

Litinin da safe ya yi wanka ya sa kaya masu guga, hula, agogo, takalmi. Ya fito ya tarar da matarsa a falo ta haɗa jaka: tawul, bokiti, filas, silifa. A cinyarta akwai wani tsohon zaninta na auduga. Ta ɗan yanka bakinsa da almakashi, ta ja, ya tsage har ƙasa. Ta ajiye tsagin a gefe, ta sake yanka.

"Mene ne wannan?"

"Nas ta ce a zo da ƙyalle mai laushi. Nasu na asibiti yana cin fata."

Ta ja. Zanin ya yi ƙara. Ta gwada tsagin a wuyan hannunta, ta zagaya shi sau biyu ta ga ko tsawon ya isa ƙulli.

Injiniya ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya cire hula ya ajiye a kan kujera. Ya cire agogo. Ya zare takalmi da safa. Ya cire riga, ya rage daga shi sai singileti da wando. Matar ta dube shi, ta ci gaba da yanka. Ya shiga kicin ya gutsuttsura burodi a kwano, ya zuba shayi mai madara a kai, ya yanka ayaba. Rediyo na zaune a bakin ƙofar baya cikin kayan makaranta tana ɗaura igiyar takalmi. Ta miƙe da ta gan shi.

Tsohon na zaune a kujerar roba, an shirya shi, hula a kai. Tagar a buɗe take. Mai faci na zaune a rumfarsa yana tsoma tayar babur a bahon ruwa, kusa ƙwarai, har ana jin kumfar iska. Injiniya ya nufi tagar zai rufe. Tsohon ya ga mutum tsaye a kansa, ya soma yunƙurin tashi. Injiniya ya fasa. Ya zauna a ƙasa, a kan siminti, ya tanƙwashe ƙafa, kwano a cinya.

Ya faɗa. Iska ce kawai ta fito.

Tsohon ya ɗan sunkuyo. "Yallaɓai ya yi magana?"

Bayan ƙofa an daina yage zani. A waje kumfar ta tsaya. Yatsan hagun nan ya soma yi masa zugi, ko kuwa shi ya ji kamar yana yi. Ya tuna yadda Gwaggo ke faɗa, ba lallashi, da ɗan faɗa-faɗa, kamar mai kiran yaron da ya daɗe a wasa.

"Zomo!"

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. Ya cika ɗakin ya fita ta taga.

Tsohon ya tsaya cak. Kafaɗunsa suka sauka. Ya kai hannu ya ture hular, ta faɗi bayan kujera, ya sosa kai.

"Iye?"

"Zomo, buɗe baki. Abinci ya huce."

Ya buɗe. Injiniya ya kai cokali. Shayi ya zuba a haɓar tsohon, ya share da bayan hannu. Tsohon ya tauna ya haɗiye, ya sake buɗewa tun ba a ce ba. In ya shagala yana kallon agogon bango sai an sake kira. Kowane kira sai Injiniya ya ji kamar ya tuɓe a kasuwa. Na biyar bai fi na farko sauƙi ba.

Kwano ya kusa ƙarewa tsohon ya tsai da tauna yana dubansa.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan nan ne."

"Ban san ka ba." Ya kama hannun da ke riƙe da kwanon, ya juya shi, ya taɓa ƙaramin yatsan. Ya gwada miƙe shi, ya ƙi. "Me ya sami wannan?"

"Ya daɗe."

"Duka ne. Na san duka." Ya waiga ƙofa, ya matso da baki kusa da kunnen ɗansa, numfashinsa na warin madara. "Yallaɓai ne ko? Shi ne. Rannan ma ya mari wata 'yar yarinya a nan, ba ta yi masa komai ba. Abinci take ba ni."

Injiniya ya juya cokali a cikin kwano.

"Mugun mutum ne. In ka ji takalminsa ka ɓuya. Ni bango nake kallo, sai ya tafi."

"To."

"Kada ka ce ni na gaya maka."

"Ba zan faɗa ba." Ya kwashe sauran ayabar a cokali. "Saura ɗaya. Zomo, buɗe baki."

Ya fito da kwano wayam. Matarsa ta dubi kwanon, ba ta dube shi ba. Ta tattara tsage-tsagen zanin ta ninke, ta buɗe durowar kabad ta saka, ta bar jakar a inda take. Ya ɗauki waya ya kira likita ya ce ya ci. Ta ce madalla, a ga na rana da na yamma, in ya tsallake biyu a jere a kawo shi.

Rediyo na tsaye a baranda da jakarta a baya. Ta ji komai, tagar kicin ma a buɗe take. Ta matso ta miƙa hannu biyu ta karɓi kwanon.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe."

"Ke..." ya ce. Ta tsaya tana jira, ido a ƙasa. Bai san da me zai ci gaba ba. "Ki jira ni a mota."

"To, ranka ya daɗe."

Ya mai da riga, agogo, hula. Takalmin ya riƙe a hannu, ya wuce ƙofar ɗakin tsohon da ƙafa tsura, sai da ya kai baranda ya sa. Da ya fito da mota, mai faci, wanda kullum ke miƙewa ya gaishe shi, ya duƙufa a kan bahonsa yana neman huji a tayar da ya riga ya liƙe. Injiniya ya gode masa a zuci.

A hanya yarinyar ta zauna a baya, jaka a cinya, tana kallon titi. Ya dube ta a madubi sau biyu. A ƙofar makaranta ta sauka ta rufe ƙofa a hankali. Ya ga wata ƙawarta ta rugo ta rungume ta, ya ga bakinta ya soma motsi da sauri, hannu na yawo a iska. Gilashi a rufe yake, bai ji me take cewa ba.

Ya kira ofis ya ce wa mataimakinsa daga yau zai riƙa fita da tsakar rana, akwai abin da yake yi a gida.

"To, ranka ya daɗe," in ji mataimakin. "Jikin Baba ne?"

"Abincinsa ne," in ji Injiniya, ya kashe wayar.